Gusau, Tsafe da Bunguɗu: Garuruwan da Tashe Ke Raya Darensu

Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, shi ya kafa Gusau a bakin gulbin Sakkwato bayan da jihadi ya ci 'Yandoto, tsohon garin malamai. Daga 'Yandoton nan ne gidan sarautar Tsafe ya samo asali, shi ya sa har gobe ake kiran sarkinsu 'Yandoton Tsafe. Bunguɗu kuwa tana yamma da Gusau, kan hanyar Sakkwato, da Sarkin Fulaninta. Jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kasuwar gyaɗa da auduga ta buɗe, baƙi suka cika gari. A 1996 Gusau ta zama hedikwatar Jihar Zamfara.

Turawa suna da wani wasan dandamali da suke kira ofareta, mai haɗa magana da waƙa da raha. Cikin masu tsara kiɗansa, Offenbach ya yi suna da shi a Faransa tun wajen 1858, Johann Strauss ya ɗaukaka shi a Biyana. Garuruwan nan uku ba su gina masa zaure ba, amma suna da nasu, kuma a ganina bai gaza ba: tashe.

Azumi na kai kwana goma, an sha ruwa, yara sai su bazu gida-gida. Wani ya manna gemun auduga ya duƙa bisa sanda, ya zama Tsoho da Gemu. Jatau Mai Magani ya baje saiwoyi da sassaƙe yana zayyana amfanin kowanne, 'yan amshi na karɓa masa. Wanda ya fi burge ni shi ne Mairama da Daudu: yarinya ta sa riga da hula ta zama miji, 'yan uwanta na rera yadda zaman aure yake, matan gida na dariya don sun gane kansu. Akwai labari, akwai shiga, akwai waƙa, akwai gugar zana. Ladan kuwa hatsi ne ko 'yan kuɗi.

Bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999 an rufe gidajen silima, amma tashe ya ci gaba a unguwanni. Abin da ya fi taɓa shi yanzu rashin tsaro ne. Wasa ne na dare, kuma a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da 'yan bindiga suka addaba, uwa ba ta yarda ɗanta ya yi nisa da ƙofar gida bayan isha'i.