Tarihin Gandun Dajin Yankari

Duk wanda ya ratsa ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauchi har ya isa bakin kogin Gaji, inda giwaye da ɓauna suke gangarowa shan ruwa idan rani ya tsananta, zai yi zaton tun fil azal dajin nan mallakar namun jeji ne, alhali kuwa alamomi sun tabbatar da cewa 'yan Adam sun daɗe da zama a cikinsa. Ga rijiyoyin Dukkey da mutanen dā suka fafe cikin dutse domin tara ruwa, ga kogwannin da suka sassaƙa don fakewa, ga kuma kufan wuraren da maƙera suka narka tama, har yau ana tsintar kashin ƙarfe a gefensu.

A shekarar 1956 ne Gwamnatin Jihar Arewa, bayan ta lura farauta na neman ƙarar da halittun da Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba mu amanarsu, ta keɓe wurin, sa'an nan a 1962 aka buɗe shi ga jama'a, domin talaka da basarake su yi kallo, su yi wanka a maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumi da tsarki. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Bauchi a 2006.

Sai dai manoman ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda giwaye ke ɓarnata musu dawa, su ne suka ɗauki nauyin wannan alheri, wajibi ne kuwa hukuma ta duba haƙƙinsu.