Labarin da Ke Cikin Dokokin Wasa: Martani ga Ian Bogost

A watan Afrilu na 2017 mujallar The Atlantic ta Amurka ta buga wata maƙala ta Ian Bogost mai cewa wasannin bidiyo sun fi kyau idan babu labari a cikinsu. Hujjarsa ita ce littafi da fim da talabijin sun riga sun ƙware wajen ba da labari, kuma labarin da wasa ya fi alfahari da shi bai kai matsakaicin fim ba, saboda haka gara masu ƙirƙirar wasanni su tsaya ga abin da suka iya, wato tsara dokoki da sarrafa abubuwa. Muhawarar tsohuwa ce, kuma duk mai nazarin fannin ya san ɓangarorinta (Murray, 1997, Aarseth, 1997, Eskelinen, 2001, Jenkins, 2004, Juul, 2005). Wannan maƙala tamu ba ta nemi ta sake tono ta ba. Abin da take ja da shi guda ɗaya ne: zaton da ke ƙarƙashin maganar Bogost, cewa labari wani kaya ne da ake ɗora wa wasa daga waje, wanda za a iya saukewa a auna shi daban. A ganinmu wannan zato ba ya tsayuwa idan aka gwada shi da Metal Gear Solid V: The Phantom Pain, duk da cewa a kallon farko wannan wasan ne ya fi kama da shaidar da Bogost yake nema.

Kamfanin Konami na Japan, wanda matasanmu suka fi sani da wasan ƙwallon ƙafa na PES, shi ya fitar da wasan ranar 1 ga Satumba, 2015, ƙarƙashin jagorancin Hideo Kojima. Wasa ne na saɗaɗa: mai wasa yana sarrafa wani kwamandan sojan haya da ake kira Venom Snake a shekarar 1984, yana kutsawa sansanonin abokan gaba ba tare da an gan shi ba, da farko a Afganistan lokacin mamayar Tarayyar Sobiyet, daga baya a kan iyakar Angola da Zayar. Filin a buɗe yake. Mutum ne zai zaɓi ta ina zai shiga, da rana ko da dare, a kan doki ko a ƙafa, ya kashe ko ya sumar. Sojojin kuma suna koyon halinsa: idan ya yawaita harbin kai sai su fara sa hular kwano, idan ya saba zuwa da dare sai su samo tabarau mai gani a duhu. Kusan duk masu sharhi sun yaba wannan ɓangare, sannan da yawansu suka koka da labarin. Sun ce Snake ya zama kamar bebe, an kwashe muhimman bayanai an zuba a kaset-kaset da mai wasa zai iya ƙin saurara, kuma babi na biyu bai kammala ba. Hukuncin da ya yaɗu shi ne wasa ya yi zarra, labari ya faɗi.

Wannan hukunci ya auna labarin ne da ma'aunin fim, wato da gutsattsarin bidiyon da ake nuna wa mai wasa yana zaune hannunsa a sake. Ba abin mamaki ba ne, domin Kojima da kansa ya saba wa mutane da hakan. A Metal Gear Solid 4 na 2008 akwai jerin irin wannan bidiyo da ya haura awa guda. To amma jigon wasan na 2015 harshe ne da mulkin da harshe yake yi wa mutane, kuma wurin da mai wasa yake fara cin karo da jigon a aikace ba bidiyo ba ne. Lokacin da mai wasa ya sauka Afganistan, ba ya fahimtar abin da sojojin Sobiyet suke faɗa. Idan ya shaƙe ɗaya ya tambaye shi, ba zai sami komai ba. Sai ya nemo tafintan Rashanci ya ɗauke shi zuwa sansaninsa kafin fassara ta fara bayyana, haka kuma zai sake yi da harsunan Fashto da Afirkans da Kikongo. Babu wanda ya tsaya ya yi masa lacca cewa tafinta makami ne. Dokar wasan ce ta sa ya ji hakan a jikinsa. Mutumin da ya tashi a Alakoss ko wani gari na gundumar Gure a jihar Damagaram, inda Hausa da Barbarci da Buzanci da Fulatanci da Tubanci suke haɗuwa a kasuwa, takardun hukuma kuma suka daɗe suna zuwa da Faransanci, ba ya bukatar a fassara masa ma'anar wannan doka. Ƙasarsa, wadda sai a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki, ta san nauyin wanda ke tsaye tsakanin mai iko da talaka yana juya magana.

Shaida ta biyu ta fi ƙarfi. Mugun da ke cikin labarin, Skull Face, mutum ne da mamaya ta raba da harshen uwarsa, yana kuma shirin shafe Ingilishi daga duniya da wata ƙwayar cuta da ke zama a maƙogwaro, ba ta tashi sai ta ji wani harshe takamaimai. Da cutar ta ɓulla a sansanin Snake, wasan bai nuna fim ba. Ya bar mai wasa da jerin sunayen ma'aikatansa, waɗanda shi da kansa ya tattaro ɗaya bayan ɗaya, ya duba bayanansu har ya gano abin da ya haɗa masu mutuwa: duk suna jin Kikongo. Daga nan dole ya killace mutane saboda harshensu kawai. A aiki na 43 cikin ayyukan wasan cutar ta dawo, aka tura shi cikin ginin killacewa ya harbe mutanensa da hannunsa, wasu daga cikinsu suna sara masa suna jiran harsashi, sanarwar mutuwar kowannensu tana fitowa a allo kamar yadda ta saba fitowa idan abokan gaba suka kashe masa soja. Idan aka ɗauki wannan a bidiyo aka nuna wa wanda bai buga wasan ba, da wuya ya ga abin da ya wuce matsakaicin fim ɗin yaƙi, kuma a nan Bogost yana da gaskiya. Sai dai nauyin wurin ya fito ne daga sa'o'i masu yawa da mai wasa ya yi yana koyon ceton mutane maimakon kashe su, domin wasan ya fi ba da lada ga wanda ya ɗauke soja da rai. Dokar da ta horar da shi ita ce aka juya a kansa. Fim ba shi da hanyar yin haka, tunda mai kallo bai taɓa ɗaukar kowa aiki ba. Abin lura, Bogost ne da kansa ya nuna a littafinsa Persuasive Games (2007) cewa dokokin wasa suna iya kafa hujja. Muna ganin babu dalilin da zai sa abin da ya iya kafa hujja ya kasa ba da labari.

Mai kare Bogost zai ce aiki na 43 ba buɗaɗɗen fili ba ne: lungu ne rufaffe, hanya ɗaya, babu zaɓi, saboda haka Kojima bai iya ba da labari ba sai da ya ƙwace ƴancin da ya sa wasan ya yi suna. Wannan suka tana da nauyi, kuma ta tilasta a rage faɗin da'awarmu. Gaskiya ne mafi yawan lokacin da ake ɓatawa a tsaunukan Afganistan ba ya ciyar da labarin gaba. Gaskiya ne kuma babi na biyu cike yake da tsofaffin ayyuka da aka maimaita da ƙarin wahala, kuma aiki na 51, wanda zai ƙarasa labarin wani yaro mai suna Eli, bai shiga wasan ba, sai dai guntun bidiyonsa da aka saka a faifan bugu na musamman. Kojima ya bar Konami a Disambar 2015 ba tare da an ƙarasa aikin ba. Babu wata dabarar fassara da za ta mayar da wannan giɓi ya zama fasaha, kuma masu cewa da gangan aka bar shi don mai wasa ya ji zafin rashi suna faɗin abin da ya wuce shaida. Abin da shaidar ta ɗauka shi ne wannan kawai: a wuraren da labarin ya yi tasiri, ƴancin da aka ba mai wasa tun farko ne ya biya kuɗin tasirin. Rufaffen lungun ba zai yi ciwo ba in da ba a saba da buɗaɗɗen fili ba. Dara ba ta bukatar labari, kuma babu wanda ya ce kowane wasa sai da shi. Amma wasan da ya sa mutum ya tara jama'a, ya san sunayensu da harsunansu, ya riga ya fara labari ko mai shi ya so ko bai so ba.

Nazarin fina-finan Hausa ya yi nisa, musamman ta ayyukan Abdalla Uba Adamu, kuma akwai yiwuwar ɗaliban da za su fara rubutu a kan wasannin bidiyo a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Jami'ar Bayero ta Kano su ɗauko kayan aikin fim kai tsaye: jigo, zubi, taurari, salon magana. Waɗannan za su kai su ga hukuncin da muka ƙi amincewa da shi, domin bidiyon kaɗai za su gani. Kiranmu gare su shi ne kada su yanke wa wasa hukunci daga abin da suka kalla a YouTube. Su riƙe abin sarrafawa su buga shi, su rubuta abin da dokokinsa suka tilasta musu aikatawa da abin da suka hana su, sannan su koma kan maganganun taurarin.