Kalmar da Ta Taso daga Ingila Ta Sauka a Gobir

Duk mai karanta jaridun Turanci na Najeriya ya san ta. Da zarar 'yan bindiga sun faɗa wa wani ƙauye a ƙasar Gobir, yankin Sabon Birni ko Isa, sai a rubuta cewa mutane sun gudu helter-skelter, wato sun watse a firgice, kowa ya yi ta kansa.

Kalmar ta tsufa. Ta fara bayyana a rubuce a Ingila a ƙarshen ƙarni na 16, kuma Shakespeare ya sa ta a kashi na biyu na wasansa kan Sarki Henry na Huɗu, wanda aka buga a 1600. Masana na zaton rabinta na biyu ya fito daga wata tsohuwar kalma mai nufin gaggawa, aka haɗa shi da na farko domin amo. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka laƙaba sunan ga wata hasumiyar wasa da yara ke sulalowa daga samanta suna shewa. A 1968 mawaƙan Beatles suka sa wa wata waƙarsu wannan suna.

Nan ƙasar kuwa ta hanyar aji ta shigo. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Turancin littafi ya bi makarantun boko ya zauna, daga nan ya shiga bakin 'yan jarida. A Ingila ta zama abin nishaɗi. A nan ta riƙe tsohuwar ma'anarta ta tashin hankali.

Sai dai kalmar ba ta yi wa mutanen Gobir adalci ba. Tana nuna gudun da ba shi da alƙibla, alhali mai gudu daga ƙauye irin su Burkusuma ya san inda ya dosa. Tun 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, musamman wajen Gidan Rumji, inda suke da dangi da surukai. Wasu suka nufi garin Sabon Birni ko Isa. Bayan harin watan Mayu na 2020, wanda ya ci rayuka sama da 70 a ƙauyuka irin su Garki da Kuzari, haka aka yi: uwa ta goya ƙarami ta ja babba, an san wace hanya ce ke da hatsari, an san gidan wa za a sauka kafin dare ya yi.