Turawa Uku da Suka Ratsa Damagaram ta Sama

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa jin labarin wasu Turawa uku da suka bi ta saman Damagaram cikin kwando, tun zamanin Sarki Tanimun? Kada ka wahala da tambayar tsofaffi. Ba wanda ya gan su, don kuwa cikin littafi kaɗai abin ya faru. Amma littafin ya zagaya duniya, an juya shi cikin harsuna da yawa, kuma da sunan garuruwanmu a ciki.

Wanda ya rubuta shi Bafaranshe ne, sunansa Jules Verne. An haife shi a birnin Nant a 1828. Ubansa lauya ne, ya so ɗan ya gaje shi, shi kuwa hankalinsa na wajen rubutu. A 1863 wani mai buga littattafai a Paris, Hetzel, ya fitar masa da wannan littafi, Cinq semaines en ballon, watau mako biyar cikin balan-balan. Daga nan sunansa ya fito.

Bari in gaya maka yadda balan-balan ɗin yake. Wata ƙatuwar jaka ce ta alharini. Ana cika ta da wata iska da ake kira haidurojin, wadda ba ta kai iskar da muke shaƙa nauyi ba. In ta cika sai ta tashi, kamar yadda ƙwarya ke tasowa bisa ruwa. A ƙarƙashi ana ɗaura kwando, mutane su shiga. Tun 1783 mutane suka fara tashi da irin wannan a Faransa. Sai dai abin ba shi da linzami: inda iska ta nufa, can za ka.

To, nan ne wayon Verne yake. Ya ce jarumin labarinsa, Dokta Fergusson, ya ƙera wani murhu mai ɗumama iskar jaka. In ya hura wuta sai su yi sama, in ya rage sai su sauko. Da haka suke neman iskar da ta nufi yamma su bi ta. A tatsuniya, aljani ne ke ɗaukar mutum ya kai shi bangon duniya, ba mai tambaya yaya aka yi. Shi Verne sai ya yi maka lissafin nauyin ruwa da guzuri da mutane, har ka ce gaskiya ne. Ya ɗauki ilmin da aka sani, ya ƙara masa taki ɗaya. Irin wannan shi ake kira labarin ƙagen kimiyya, kuma ana ƙidaya Verne cikin waɗanda suka fara shi.

A cikin labarin, sun tashi daga tsibirin Zanzibar a watan Afirilu na 1862: Fergusson, da abokinsa maharbi Kennedy, da baransa Joe. Sun ga mafarin kogin Nilu. Ƙishirwa ta kusa kashe su a hamada. Bisa tabkin Cadi wasu manyan tsuntsaye suka yage musu jaka, kwando ya fara faɗuwa, sai Joe ya yi tsalle cikin ruwa don nauyi ya ragu. Daga baya suka tsince shi mahaya na binsa a guje, suka jefa masa tsani. Iska ta bi da su ta Damagaram da Damargu da kusa da Agadas, suka gamu da fara ta rufe sama, har suka kai kogin Senegal.

Me Verne ya ce sun gani a Damagaram? Filin kisa. Ya ce akwai wani itace a tsakiya, hauni na tsaye a gindinsa, wanda duk ya bi ta inuwarsa ya mutu. Ke nan.

Verne bai taɓa taka ƙasarmu ba. Kai, ko balan-balan bai shiga ba sai a 1873, shekara goma bayan littafin, kuma bai yi rabin awa a sama ba. Abin da ya sani ya samo shi daga littattafan matafiya. Wani Baturen Ingila, James Richardson, ya sauka Damagaram a farkon 1851, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji, har da kisan da sarki ke sa a yi. Ya rasu cikin wannan shekara a hanyar Barno. Abokin tafiyarsa, Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, shi ma ya ratsa garin.

Ba zan ce maka ba a kisa a wancan zamani ba. Ana yi, ana kuma kamun bayi. Amma Damagaram ɗin Tanimun gari ne na fatake, ayari na zuwa daga Tarabulus da Kano. A zamaninsa aka gina ganuwa, maƙera suka zuba igwa a nan gida. Duk wannan Verne ya tsallake, ya ɗauki abin da zai tsorata mai karatu a Paris. A wurare da yawa ma ya kwatanta baƙar fata kamar dabbobin dawa. Ni a ganina wannan shi ne babban aibin littafin, ko da yake labarin na da daɗi.

Ga wani abin mamaki. Sa'ad da littafin ya fito, akwai ɗan ƙasar Damagaram a Turai. Sunansa Dorugu, daga wajen Kance. An kama shi bawa yana yaro, aka ƴanta shi, Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Can ya zauna da wani malami mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, da abin da ya gani na Turawa, cinsu da suturarsu. An buga maganarsa cikin littafin Magana Hausa a 1885. Shi da idonsa ya gani. Amma dubi yadda sunan Verne ya cika duniya, na Dorugu kuwa ko a gida kaɗan suka san shi.

In kana son irin wannan labari da harshenka, nemi Tauraruwa mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a Zariya a 1969. Wani yaro ne aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi. Hausarsa ba wuya, ya dace a karanta shi a aji, kowa ya ɗauki shafi ɗaya. A 2007 kuma Nnedi Okorafor, wadda iyayenta Inyamuran Najeriya ne amma aka haife ta a Amurka, ta fitar da The Shadow Speaker. Labarin yana faruwa a Nijar cikin shekarar 2070, kuma jarumarsa yarinya ce ƴar ƙasa mai jin maganar inuwa. Da Ingilishi yake, sai ka sami ɗan lakwal da ya iya ya karanta maka.