Rawar rabin huska da allurar Botox

Nan Arewa, in idon mutum na rawa, sai mu ce baƙo na tahe. Galibi gajiya ce, ko rashin barci, ko yawan shayi, kwana biyu ta wuce. Amma akwai wadda ba ta wucewa. Tana farawa daga fatar ido, ɓangare guda, sannu sannu ta sauko kunci har gehen baki. Ido ya riƙa ƙanƙancewa da kanshi, har cikin barci ba ta bari. Ta hi kama mata, musamman waɗanda suka haura shekara 40.

Mun san abin da ake cewa daga Matankari har Tibiri: iska ce, ko jifa. Likitoci kuwa sun gano cewa yawanci wata jijiyar jini ce ke danne jijiyar da ke motsa huska, daidai inda take hitowa daga ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukar ta daga wani, ba ta kisa. Illarta kunya da takura: mace ta daina zuwa buki, ɗan kabu-kabu ido ya rufe mishi bisa hanya.

Maganin da aka hi amfani da shi a duniya allura ce ta wani dahi da ƙwayar cuta ke yi, sunan da aka hi sani Botox. Amurka ta yarda da shi don rawar fatar ido tun 1989. Likita na sa ɗan kaɗan ƙwarai cikin naman da ke rawa, wuri wuri, sai naman ya saki. Aikinta na bayyana cikin kwana 3 zuwa 7, ya kai wata 3 zuwa 4, kana rawar ta dawo a sake. Ke nan sauƙi take kawowa, ba ta raba mutum da ciwon. Wani lokaci fatar ido kan sauko ko baki ya ɗan karkace, amma yana wucewa cikin makwanni. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa ma likita tun farko. Abin da ke iya kawar da ciwon ɗungum aikin tiyata ne, a raba jijiyoyin biyu, shi ma da nashi haɗari.

Ƴan uwanmu na Legas, Kwatano, Abijan da Turai, ku muke roƙo: kada ku sayo kwalbar ku aiko cikin jaka a ba mai allurar unguwa. Maganin na son sanyin firigo, kuma kuskuren wuri ko na awo na iya rufe ido wata da watanni. Gara kuɗin su tahi ga kuɗin mota da ganin likita. A fara da likitar Dutsi ko ta Tibiri, a karɓi takarda zuwa Yamai, inda likitocin jijiya suke, su tabbatar da ciwon kahin a yi zancen allura.

In kuwa huska ta karkace farat ɗaya, hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, wannan ba rawa ba ce, alamar shanyewar jiki ce. A kai mutum likita nan take, ko da tsakar dare ne.