Nazarin Littattafai Uku Kan Mamayar Masallacin Harami ta 1979

Ranar 1 ga Muharram 1400, wadda ta yi daidai da 20 ga Nuwamba 1979, Juhaiman al-Utaibi da mabiyansa suka rufe ƙofofin Masallacin Harami a Makka bayan sallar asuba. Suka tsare dubban masallata, suka yi shelar cewa surukinsa Muhammad al-Ƙahɗani shi ne Mahadi. Ba a ƙwato masallacin ba sai ranar 4 ga Disamba. Dattawanmu da dama ba su manta da wannan rana ba, amma abin da suka ji ya sha bamban. Wannan ne ya sa na zauna na gwada littattafai uku da juna.

Na farko shi ne The Siege of Mecca na Yaroslav Trofimov, ɗan jarida, wanda ya fito a 2007. Ya dogara ga takardun gwamnatin Amurka da hira da waɗanda abin ya faru a gabansu. Ƙarfinsa yana wajen bayanin faɗan kansa. Misali, an daɗe ana yaɗa cewa sojojin Faransa sun yi yaƙi a cikin Harami, shi kuwa ya nuna jami'ai uku ne aka turo, aka sauke su a Ɗa'if, suka ba da shawara da hayaƙi mai sa hawaye. Sai dai na lura yakan zaƙe wajen danganta wannan fitina da ƙungiyoyin da suka bayyana daga baya.

Na biyu shi ne The Meccan Rebellion na Thomas Hegghammer da Stéphane Lacroix, na 2011. Su masana ne, sun bi asalin ƙungiyar tun kafuwarta a Madina a shekarun 1960. Wajen aƙida da tushe sun fi Trofimov tantancewa, amma labarin faɗan kaɗan ne a ciki.

Na uku shi ne Ayyam ma'a Juhaiman na Nasir al-Huzaimi, cikin Larabci. Marubucin ya zauna da Juhaiman, ya san halinsa. Amma ya rabu da shi kafin harin, don haka abin da ya faru a cikin masallaci ji ya yi, bai gani ba.

Dukkansu sun haɗu a kan cewa ƙungiyar 'yar gida ce. Wannan muhimmi ne, domin jita-jitar cewa da hannun Amurka ta sa aka ƙona ofishin jakadancinta a Islamabad washegari.

Shawarata ga malamai ita ce, kafin a karantar da wani littafi a tambaya: ina marubucin yake lokacin da abin ya faru, kuma daga bakin wa ya ji? Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.