Modem mai fuska uku: daga faifan CD na ƙarya zuwa 192.168.8.1

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Watannin baya ni da abokan tafiyata muka so tura saƙon tes ga mutanen unguwa kusan ɗari uku kan maganar karɓar katin zaɓe. Yawancinsu dattawa ne da iyaye mata masu ƙaramar waya, ba ruwansu da WhatsApp. Na sayo modem na 4G, na sa layi, na soka a laftof. Intanet ya kawo nan take, amma manhajar tura saƙon ta ce sam ba ta ga wani modem ba. Kwana biyu ina fama. Abin da ya cece mu tsohon modem ɗin yayana ne na 3G, wanda na tsinto a ƙasan durowa, murfinsa ma ya ɓata. Shi ya sa na bi sawun abin, don in gane yadda aka yi tsoho ya iya aikin da sabo ya ƙi.

Labarin ya girmi wayar salula. A 1981 kamfanin Hayes da ke jihar Jojiya a Amurka ya fitar da Smartmodem, mai aiki da layin tarho na gida. Dennis Hayes da abokin aikinsa Dale Heatherington suka tsara masa wani ɗan yare: kowane umarni yana farawa da haruffan AT, kamar ka ce wa na'urar "saurara". Ka rubuta ATD da lamba, ya buga kira. Ka rubuta ATH, ya ajiye. Maganar tana bi ta ƙofar siriyal, harafi na bin harafi kamar layin awo. Da GSM ta zo, injiniyoyi ba su yar da yaren ba, ƙari suka yi masa: AT+CSQ ya faɗa maka ƙarfin sabis, AT+CMGS ya tura tes, AT+CUSD ya duba maka kuɗin da ke layinka. Duk wanda ya taɓa ganin *99# a saitin modem ɗinsa, to lambar da kwamfuta ke "kira" ke nan don a buɗe mata data. Wato a zamanin 3G ma, kwamfutarka tana ɗauka tarho take bugawa irin na 1981.

A 2006 Huawei ya fitar da E220, ɗan fari mai kama da guntun sabulu da gajeriyar waya. A 2007 kuma hukumar NCC ta ba da lasisin 3G ga MTN, Celtel, Globacom da Alheri, kowanne a kan dala miliyan 150. Bayan 'yan shekaru sai ga modem ya cika jakunkunan ɗalibai: E173, E303, da MF190 na ZTE. Wanda ya yi rajistar JAMB a lokacin ya san darajar abin. Ka huta da layin kafe, amma sai ka ɗaure modem a tagar ɗaki da doguwar waya kana jiran fitilarsa ta koma shuɗiya.

To a nan dabarar take. Kafin kwamfuta ta yi magana da modem tana buƙatar manhajar da ake kira direba, shi kuma faifan CD da ake haɗowa da shi a kwali ɓata yake yi. Sai masu ƙerawa suka ce to modem ɗin ya yi ƙarya mana. Da ka soka shi, zai ce wa kwamfuta "ni faifan CD ne". Windows ta buɗe faifan, ta girka direba, direban ya raɗa wa na'urar wani saƙo, sai ta ɓace kamar an zare ta, ta dawo da sabuwar lambar shaida a matsayin modem mai ƙofofin siriyal. Kamfanin Option na ƙasar Beljiyam ya sa wa wannan dabara suna ZeroCD.

Ga mai Windows lafiya lau. Mai Linux kuwa ya shiga uku, don direban ba nasa ba ne, ba mai yin raɗar. Ka sayi modem da kuɗinka, ka soka, ka ga faifai kawai yana kallonka. Wani Bajamushe mai suna Josua Dietze ne ya rubuta ƙaramar manhaja, usb_modeswitch, ya sake ta kyauta. Yadda aka tara iliminta shi ne abin da ya fi burge ni. Mutane daga ƙasashe daban-daban suka riƙa laɓewa tsakanin Windows da modem da manhajar leƙen USB, su kwafo saƙon da direba ke turawa, galibi bayit 31 ne mai farawa da 55534243, su aika a ƙara a jeri. Modem ɗaya bayan ɗaya, har suka kai ɗaruruwa. Ba albashi, ba kwangila. Yau idan ka soka tsohon modem a Ubuntu ya kama da kansa, guminsu kake ci.

Fuska ta uku ta zo wajen 2011, lokacin da Huawei ya fito da HiLink. Wannan karon modem ba ya cewa shi modem ne. Cewa yake "ni katin sadarwa ne", kamar ka jona wayar intanet ta ofis. Ƙaramar rawuta ce a cikinsa, ita ke yin kiran da kanta, kai kuma ka buɗe birawuza ka rubuta 192.168.8.1 ka ga shafin saiti. In za a yi adalci, akwai dalili mai ƙarfi. Tsohuwar hanyar kira ta PPP tana shaƙe gudun 4G, kuma mutum na gari ba ya son ya san wani abu wai shi APN. Ya soka, ya hau, shi ke nan.

Amma ƙofar siriyal ta rufe. Kuma ta wannan ƙofar ce ake yin abubuwan da kamfani bai tsara ba. A zaɓen 2007 na Najeriya, 'yan sa ido na sa kai sun yi amfani da FrontlineSMS, manhajar da Ken Banks ya rubuta a 2005, suka tattara saƙonni sama da 10,000 daga masu zaɓe. Irin wannan manhaja ba ta buƙatar intanet ko kaɗan. Laftof take so da waya ko modem mai jin yaren AT. Manhajoji irin su Gammu da Kannel ma haka suke. Ta ƙofar nan kuma masu gyara a kasuwar waya irin Farm Centre ta Kano ke shigar da lambar da ke buɗe modem ɗin da aka ɗaure wa layi ɗaya. Ni a ganina, ko da ba da gangan aka yi ba, sauƙin da aka ba mu ya zo ne da ragin iko a kan abin da muka saya.

E3372 na 4G shi ne misalin da ya fi fito da abin fili. An riƙa sayar da shi iri biyu, kuma manhajar cikinsa ce ke yanke hukunci: wadda lambarta ta fara da 21 tana ba ka ƙofofin siriyal, mai farawa da 22 kuwa HiLink ce. Wasu na'urorin saƙo ɗaya daga usb_modeswitch ya isa ya juya su, sai dai da ka zare ka mayar sun koma gidan jiya. Wasu kuwa sai an sauya manhajar gaba ɗaya. A zaurukan intanet na Rasha da Folan aka yi ta koyar da "hanyar allura": ka buɗe murfi, ka haɗa wani ɗigo a jikin allon da ƙarfen bakin USB yayin da kake soka shi, sai ya farka a yanayin karɓar sabuwar manhaja. Ka ɗora wadda ba tasa ba, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, to ka samu abin danne takarda.

Ni dai ban yi ƙarfin halin allurar ba, kuɗin ƙungiya ne. Sabon yana nan muna hawa intanet da shi a ofis. Tsohon na yayana kuwa, da na buɗe ƙofarsa na rubuta AT, ya amsa da OK. Daren nan ya kwana yana tura saƙo ɗaya bayan ɗaya, jikinsa ya yi zafi har sai da na kunna masa fanka.